Ranar da Na Shiga Ɗakin Surukata

Tsufa ya fara yi mini sata. Sunayen garuruwan da na kwana a cikinsu suna ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, Faransancin da na taɓa yin faɗa da shi a bakin teku ya koma 'yan kalmomi. Amma akwai rana guda da tsufa bai isa ya taɓa ta ba, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Ita ce ranar da na shiga ɗakin matar ɗan ƙanena, mata cike da ɗakin, na ɗauke jariri daga cinyarta na fita da shi, a ranar da aka binne 'yarta. Har gobe akwai masu cewa na ci mutuncin gidanmu. Ban ba su haƙuri ba a lokacin, ba kuwa yanzu zan fara ba.

Asalinmu wani ƙauye ne a gefen Jajaye, a ƙasar Rogo. Ni ne na fita yawon duniya, ƙanena ya zauna ya riƙe gida da gonakin mahaifinmu. Na yi dako a Ikko, na yi aikin sito a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, na zauna a Kumasi, daga baya hanyar aikin hajji ta ajiye ni a Sudan na wasu shekaru. Fulatanci a nono na sha shi, Yarbanci da Turanci da Faransanci da Larabci kuwa yunwa ce ta koya mini su. Da ƙarfi ya fara raguwa sai na dawo, na gina ɗan gida a Karaye na zauna.

A Kwatano na fara ganin wata ƙwaya da ake sa wa hatsi don kashe ƙwari. Launinta kamar toka, girmanta bai wuce ƙwallon goruba da aka gama ci aka raba huɗu ba, a cikin dogon gwangwani take zuwa. Da ta sha iska sai ta fara fitar da wani tururi da ido ba ya gani. Ranar da za a sa ta, a lulluɓe buhuna da tamfol, a danne gefensa da yashi, a kulle sito, a liƙa takarda mai hoton ƙoƙon kan mutum a ƙofa. Maigadi ma sai a matsar masa da bencinsa can nesa. Kwanaki ba mai leƙawa. In an buɗe, a bar iska ta ratsa wurin tukuna, sannan mu shiga mu share matattun ɓeraye da tsaka da kyankyasai da shebur. Ba don mutanen can sun fi mu hankali ba ne, na ga wautarsu iri-iri. An dai gaya musu ne, su kuma suna gaya wa na baya.

Da na dawo gida sai ga ƙwayar nan a kasuwanninmu, ana ce mata bom. Ana sayar da ita ɗai-ɗai a ƙulle a takarda, a faifai ɗaya da allura da zare da maganin ɓera. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba, kuma na yi shiru. Dalilin shirun ma abin kunya ne. Farkon dawowata ba na buɗe baki sai na ce "a Kwatano kaza ake yi", har abokan wasa suka laƙaba mini suna A-Kwatano. In na doso majalisa sai wani ya ce, "Ku gyara, jirgin ruwa ya iso." Na ji zafin abin, na koya wa kaina kame baki, don a ce dattijo ne mai kamun kai. Na sami sunan kuwa. Abin da aka biya a kansa shi ne labarin nan.

Ɗan ƙanena yana da 'ya'ya biyu a lokacin, yarinya 'yar shekara huɗu da jariri ɗan wata biyar. Yarinyar sunan mahaifiyarmu ta ci, saboda haka ba mai kiran sunanta a gidan, ni "uwata" nake ce mata. In na je ƙauye ita ke fara cire mini hula ta ruga da ita. Wata safiya bayan an gama kaka, sanyi ya fara shigowa, aka kira ni a waya aka ce Allah ya yi mata rasuwa da asuba. Jiya lafiya ta wuni, aka ce, amai kawai ta yi ta yi, numfashi ya sarƙe. Kafin in sami mota in isa har an dawo daga maƙabarta.

Na sami maza a ƙofar gida a kan tabarmi. Na yi gaisuwa, na zauna kusa da ƙanena. Masu zuwa suna ta zuwa. "Ya muka ji da haƙuri? Allah ya sa mai ceto ce." Uban yarinyar yana gefe, kansa a ƙasa, yana amsawa da ƙyar.

Can wajen azahar sai yayarmu ta leƙo zaure. Ita ce babbarmu duka, ita ke riƙe da cikin gida a irin wannan rana. Ta yafito ƙanena, ni ma na matsa. Ta rage murya ta ce, "A nemo mini turaren da malam ya ce. Ɗakin nan ba lafiya ba. Ita uwar tun safe kanta ke sarawa, ta yi amai sau biyu, yaron ya ƙi kama nono. Kai, har kazar da ke kwanci a ƙarƙashin gado mun jawo ta a mace. Tsaka biyu na share a bakin ƙofa. Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, wani abu ya shiga ɗakin. Malam ya ce da magariba a yi hayaƙi, a rufe ƙofa da taga, su kwana a ciki."

Da ta ce tsaka, sai na ji kamar shebur ɗin nan na Kwatano ne a hannuna. Na kira uban yarinyar gefe na ce, "Me ke cikin ɗakin matarka ban da gado da kwanuka?"

Ya ce, "Ba komai, Baba. Sai wakenta."

"Wane wake?"

"Na 'yar gonar da babanta ya ba ta. Buhu uku ne, suna bayan gado."

Wanda bai san ƙauyukanmu ba zai ce me ya kai wake bayan gado. Rumbu na maigida ne. Abin da mace ta noma ko ta saya da guminta, a ɗakinta yake kwana, inda idonta ke kai, ba mai ɗiba sai da saninta. Haka muka tarar ana yi, kuma ba laifi a ciki, har ranar da bom ya shigo gari.

Na ce, "Ka sa masa magani?"

"Shekaranjiya da yamma. Ta ce ta ga ya fara hujewa, na sayo mata bom na tura a kowane buhu."

"Tagar a buɗe take?"

"An toshe ta da tsumma, saboda sanyi."

Na koma wurin ƙanena, na durƙusa kusa da kunnensa na gaya masa abin da nake zato. Na ce a fitar da kowa daga ɗakin yanzu. Ya dube ni. Shi ba mutumin banza ba ne, kuma ya fahimce ni sarai, abin da ya sa fuskarsa ta canza ke nan.

Ya ce, "Yaya, ka san abin da kake faɗa? So kake a gaya wa yarinyar nan wakenta ne ya kashe 'yarta? A gaya wa yaron nan da hannunsa ya sa? Yau? Ƙasar kabarin ba ta bushe ba."

Na ce, "Ba sai an gaya musu komai yau ba. A fitar da su kawai."

"Mace tana zaman makoki a ɗakinta, a ce ta tashi, ba dalili? Gari zai tambaya. Ka bari a yi sadakar uku, sai a kwashe buhunan a hankali, ba wanda ya ji."

"Yaron ba zai kai uku ba."

"Kai ne Allah?"

Na ce, "A'a. Amma na share irin wannan ɗakin da shebur."

Ya juya ya ci gaba da amsa gaisuwa. A wurinsa magana ta ƙare.

A nan ya kamata mai karatu ya san nauyin abin da na yi. Yarinyar nan surukata ce. 'Yar Fulanin wajen Ruwan Bago ce, gidan da kunya ta fi abinci muhimmanci. Shekara biyar tana gidanmu ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. In na shiga gaida yayarmu, ita ɗaki take faɗawa, daga bayan labule take gaishe ni, ni ma ba na tsayawa a ƙofarta. Ban taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa cin abinci inda zan gani ba. Na zauna a ƙasashen da suruki ke zama a faranti ɗaya da matar ɗansa suna hira, ban taɓa sha'awar hakan ba. Kunyarmu abu ne mai kyau, ta riƙe gidaje da yawa da ba don ita ba da sun watse. Amma a ranar na auna ta da numfashin yaro ɗan wata biyar, na ga ba ta kai ba.

Na miƙe, na bar takalmana a nan, na ratsa zaure. Na yi sallama da ƙarfi sau ɗaya, ban jira amsa ba. Matan tsakar gida suka fara jan mayafi, wata ta kifar da kwanon ruwa. Yayarmu ta taso tana cewa, "Lafiya? Ina za ka? Kai, nan ɗakin wa ka sani kuwa?" Na ɗaga labulen na shiga.

Warin ne ya fara tarbata, kamar tafarnuwa da ta haɗu da ruɓaɓɓen kifi, yana ɓoye a ƙarƙashin turaren wuta. Shekara talatin rabona da shi, hancina bai manta ba. Mata kusan takwas ne a ciki. Surukata tana ƙasa a jingine da gado, buhunan na bayanta ba nisa, yaron a cinyarta, leɓensa ya yi wani irin launi, kukansa kamar na ɗan mage.

Na ce, "Ku fita duka. Akwai guba a ɗakin nan."

Ba wadda ta motsa. Mamakin ganina ya fi ƙarfin maganata. Wata tsohuwa ma ta ce, "Baƙin ciki ne ya taɓa Alhaji, a kama shi a kai shi waje." Surukata ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta juya wa bango. Na maimaita mata da Fulatanci, harshen da aka yi mata reno da shi, na ce 'yata ki tashi. Ta ƙara dunƙulewa. Ba taurin kai ba ne, tarbiyya ce, ba za ta iya miƙewa ta wuce ta gabana ba ko ɗakin na cin wuta.

Sai na sunkuya na ɗauke yaron daga cinyarta na juya na fita.

Abin da na lissafa ke nan, kuma haka ya faru. Uwa ba ta da kunyar kowa in an tafi da ɗanta. Kafin in kai tsakiyar gida tana bayana, ba mayafi, tana tangaɗi, tana miƙo hannu. Sauran suka biyo ta suna salati. Na kai yaron gindin darbejiya inda iska ke kaɗawa, na miƙa mata shi, na koma na tsaya a ƙofar ɗakin na ce duk wadda za ta koma sai ta ture ni.

Yayarmu ta zo har gabana. Ta ce, "Yawon duniya ya cinye maka kunya. Ka taɓa jikin surukarka a gaban mutane. Da mahaifiyarmu na raye da ta tsine maka."

Na ce, "Da tana raye da ita za ta riga ni shiga, Yaya. Takwararta aka binne ɗazu."

Hayaniyar ta jawo maza har cikin zaure. Na hango uban yarinyar, na ce ya zo. Na ce ya ɗaure hancinsa da rawani, ya cika ƙirjinsa da iska a waje, ya shiga ya fizge tsumman tagar ya fito. Ya yi. Da aka ɗan jima muka shiga tare muka jawo buhunan ɗaya-ɗaya, kowace shiga numfashi a riƙe. A na biyu ƙafata ta zame na zauna daɓas a gaban surukaina da jikokina, ba wanda ya yi dariya, ni ma sai daga baya na yi. Muka kai su can bayan gari inda ba gida, aka sa ƙaya aka kewaye. Da uban yarinyar ya kwance bakin buhu ɗaya ya ga ƙullin takardar ya koma gari kamar toka, warin ya buge shi, sai ya ja da baya ya zauna a ƙasa. Bai tambaye ni komai ba. Ya riga ya gane.

Da muka dawo na tarar an kawo manja da madara za a ɗura wa yaron, wai su karya guba. Na karɓe kofin. Na ce wannan ba ta ciki ta shiga ba, ta hanci ta shiga, ɗurar ma sai ta shaƙe shi. Aka sami mota muka kai uwa da ɗa asibiti a Rogo. Ma'aikacin da ya karɓe mu ya tambayi abin da ya faru, na nuna masa gwangwanin da uban yarinyar ya karɓo daga mai sayarwa. Ya ce abin ba shi da makari, sai dai a taimaki numfashi a jira ikon Allah, kuma da sun ƙara kwana a ɗakin da wata maganar ake yi. Aka sa wa yaron abin shaƙar iska. Kwana biyu muna zaune a baranda. A na uku ya kama nono.

Ranar sadakar uku na dawo ƙauye da gwangwanin a aljihu. Ƙanena ya aiko a gaya mini in zo in yi addu'a in tafi, kada in ƙara wani abu. Aka yi addu'a, aka shafa, aka fara raba gumba. Na miƙe tsaye.

Wani abokin wasana ya ce a hankali, yadda kowa zai ji, "To, jirgin ruwa ya motsa."

Na ce, "Ya motsa, kuma yau sai ya sauke kayansa."

Na ɗaga gwangwanin. Na ce ga abin da ya cika ɗakin nan. Na karanta musu abin da ke jikinsa, na Turanci da na Faransanci, ina mayarwa da Hausa: kada a sa shi a inda mutum ko dabba ke kwana, ko a ɗakin da ke manne da shi. Na ce an rubuta da harsuna biyu, ba ko ɗaya da uwar yarinyar nan ke ji, kuma ko da Hausa aka rubuta, ɗai-ɗai ake sayar mana a takarda.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ka zauna. Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru."

Na ce, "Ya faru, na kuma karɓa. Maganar na gobe nake yi."

Abokin wasan nan nawa ya gyara zama ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, A-Kwatano. Ko a Kwatanon ba a mutuwa?"

"Ana mutuwa. Kai bana ka sa wa wakenka magani?"

"Na sa mana."

"Don me? Ka bar shi kawai. In an rubuta ƙwari za su ci, su ci."

Aka ɗan yi gunaguni, wani ya danne dariya. Ya buɗe baki zai ba ni amsa, na riga shi. Na ce, "Ka san ka tsare wake daga ƙwari, ba ka ce ka yi jayayya da Allah ba. Buhunan naka suna ina yanzu?"

Can ya ce, "Nawa suna rumbu."

"Na iyalinka fa?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi hanya. Sai ya jawo takalmansa, ya tashi ba sallama, ya nufi gida da sauri irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Kafin a gama rabon gumba mutum huɗu sun bi bayansa, kowa yana yin kamar wata larura ce ta tashe shi.

Liman ya yi magana daga ƙarshe. Ya ce kiyaye rai wajibi ne, kuma ba ya karo da yarda da ƙaddara. Amma ya ce da na zaɓi wani wuri da wani lokaci, ba gaban uba mai jimami ba. Na ce, "Allah gafarta malam, lokacin da ya dace ya wuce da shekara goma, ranar da na fara ganin abin nan a kasuwa na wuce. Yaron nan bai sani ba ya sa. Matarsa ba ta sani ba ta ajiye. Ni na sani. In ana neman wanda za a ɗora wa, ga ni."

Da jama'a suka watse ƙanena ya same ni a zaure. Ya ce na ɗora wa ɗansa gawar 'yarsa a ka, zai yi ta ɗauka har ya mutu, alhali da an bar shi da "kwana ya ƙare" da ya sami sauƙi. Ya ce in je in ba yayarmu haƙuri, in aika wa iyayen yarinyar ban-haƙuri a kan shiga ɗakin 'yarsu. Na ce zan je in yi musu ta'aziyya sau goma in suna so, amma haƙurin shiga ɗaki ba zan bayar ba, don in na bayar na ce kuskure ne, kuma in gobe ta sake kamawa zan sake shiga. Kusan shekara muka yi daga sallama ba ma ƙara komai.

Ban ce maganarsa ba ta da gaskiya a ciki ba. Ɗan nasa ya rame, ya daina zama majalisa. Surukata kuwa daga asibiti gidan iyayenta ta wuce, ta daɗe a can. Ba ranar da ban tambayi kaina ko ta tsane ni ba.

Ni dai na kwance bakin da na ɗaure. Na huda gindin gwangwanin don kada wani ya yi sha'awar zuba gishiri a ciki, na shanya shi ya sha rana, na riƙa yawo da shi. Bayan sallar Juma'a, wurin ɗaurin aure, ranar kasuwa, daga Jajaye zuwa Ruwan Bago har Kwanyawa, duk inda aka ba ni minti biyar, wani wurin ma ba a ba ni ba na ɗauka. Ina nuna musu buhun nan mai leda biyu a ciki, da jarka ko duro da ake toshe bakinsu ƙam, waɗanda ke kashe ƙwari ba da magani ba. Da na fara sai idona ya buɗe a kan sauran: kananzir a kwalbar lemo, fiya-fiya a kan taga kusa da maganin tari, rijiya ba murfi a gidan da ake rarrafe. Wasu su saurara, wasu su ce tsohon ya zauce. Mai sayar da bom ɗin ya ce in bar masa kasuwarsa, na ce kasuwarsa tana nan, ni dai duk wanda ya saya zan bi shi in tambaye shi inda zai ajiye. Da ya gaji da ganina a gefen faifansa, shi da kansa ya fara tambayar.

Amma na lura da wani abu. Ina magana, maza suna gyaɗa kai, kaka na zagayowa, ban san ko wani abu ya canza a cikin gidaje ba.

Ana gab da cire wake na shekara ta gaba, wata rana da hantsi, matata ta leƙo ta ce ina da baƙuwa. Surukata ce ta zo Karaye da goyonta. Ta zauna a ɗakin matata, ni ina waje a kan kujera, labule a tsakaninmu kamar da. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi jiki, na tambayi iyayenta da shanu.

Can ta ce, "Baba, kowa yana kewaye mini. Ina so in ji daga bakinku. Waken ne?"

Ƙarya tana nan kusa, mai laushi, kuma ba wanda zai zarge ni da ita. Na ce, "Waken ne, 'yata. Amma ba ki sani ba, mijinki bai sani ba. Wanda ya sani ya yi shiru, shi ne ni."

Na ji tana jan numfashi. Yaron ya rarrafo ta ƙarƙashin labulen ya kama yatsan ƙafata. Ta bar shi.

Ta ce, "Gwangwanin yana nan?"

"Yana nan."

"A ba ni shi. Ku kuna ta faɗa wa maza a ƙofar masallaci. Maza ba su san abin da ke bayan gadonmu ba."

Na miƙa shi ta gefen labule, hannu ya fito ya karɓa.

Tun daga ranar ba suna ko biki da za a yi a yankin ba ta je da shi a jaka ba. Matata ta ba ni labari, ta ce ba ta yin dogon bayani. Takan bari a gama cin abinci, ta fito da shi ta ce, "Wannan ne ya ɗauke mini 'yata, a ɗakina, ina kwance kusa da ita." Sannan ta ce wa matar gida, "Mu je in ga bayan gadonki." Ba wadda ke iya ce mata a'a. Yarinyar da ba ta iya wucewa ta gabana ba, ita ce yau ke shiga ɗakunan da ni ba zan taɓa shiga ba, tana sa a jawo buhuna waje. Mijinta shi ke kai ta a babur, ya jira a zaure. A nan ya fara dawowa cikin mutane.

Ni da ƙanena mun shirya, jini ya fi ƙarfinmu. Amma bai janye ba, ni ma haka. Ko a sallar da ta wuce, muna zaune a ƙofar gida, ya ce, "Har yanzu ina cewa da ka bi ta wata hanyar." Yaron nan, wanda yanzu yake aji uku, ya zo ta bayana ya cire mini hula ya ruga. Na nuna shi da sanda na ce, "Ga hanyar can tana gudu."

Abin da ranar ta koya mini bai da yawa. Na yi shekaru ina ɗauka kame baki shi ne dattako, ashe wani shirun tsoron dariya ne kawai aka naɗa masa rawani. Wanda ya san abin da zai cuci yaro, ya faɗa tun yaron yana wasa a tsakar gida, ya faɗa da harshen da uwarsa ke ji, ya kuma tabbata maganar ta wuce zaure. In an yi masa dariya ya sake faɗa. Na kiyaye sunana shekara goma, aka binne uwata. Na zubar da shi a yini ɗaya, ƙanenta yana makaranta. Duk wanda yake jiran in ba da haƙuri, ya daina jira.